An yi wa maigidana sutura ba a yi binciken gawa ba, yanzu 'yan inshora sun ce sai da takardar likita

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana da garinmu. Shekarata 34, yarana huɗu, babban namiji ne yana ƙaramar sakandare, autar ko yaye ta ban yi ba. Yau kwana 52 da rasuwar maigidana. A wani kamfani mai zaman kansa yake aiki, ranar ya taso daga aikin dare da sassafe a kan mashin ɗinsa zai dawo gida sai aka tsince shi a bakin titi, wasu sun ce mai adaidaita ne ya buge shi ya gudu, wasu kuma sun ce shi da kansa ya saki hanya ya faɗi, kuma gaskiya yana da hawan jini yana shan magani. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce shi ba zai iya rubuta abin da ya kashe shi ba sai an kai shi mutuware an yi binciken gawa, nan take Baba mahaifinsa da Yaya wansa suka ce a'a, Baba ya ce ba za a feɗe masa ɗa kamar rago ba. Bayan azahar aka kai shi makwancinsa, ni ba wanda ya tambaye ni komai ina ɗaki ina kuka.

Yanzu daga wurin aikinsa sun kira ni sun ce yana da inshora iri biyu, ta rai da ta haɗari, amma sai na kawo takardar shaidar mutuwa da rahoton 'yan sanda da takardar likita mai nuna dalilin mutuwa da sakamakon binciken gawa, ni ko ɗaya bani da ita. Wani ma'aikacinsu ma cewa ya yi in babu sai dai a tono shi. Baba ya ce kuɗin inshora haram ne a bar wa Allah. Anti kuɗin hayarmu saura wata biyu, tun sadakar bakwai ba wanda ya sake leƙo mu da ko mudun shinkafa. Akwai wanda ya ce in ba shi dubu 40 zai samo min takardar likita har da hatimi a rubuta haɗari ne. In karɓa? Kuma wallahi raina yana tafasa da dangin mijina, gani nake sun cuci yarana. Sannan kuɗin nan halal ne ko ba halal ba?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙansa ya gafarta masa, ya sa kabarinsa ya zama dausayin aljanna, ya raya abin da ya bari, ke kuma ya ba ki haƙuri da juriya. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma wurin da ya fi tsaya min shi ne inda kika ce kina ɗaki kina kuka ba wanda ya tambaye ki komai, duk macen da ta taɓa zaman makoki a gidan miji ta san wannan ɗakin, mata sun cika shi ana ta cewa ki yi haƙuri, a waje kuma maza sun riga sun gama yanke komai.

Bari in fara da mai dubu 40 ɗin nan don shi ne ya fi gaggawa. Kar ki ba shi ko sisi, kar ma ki sake ɗaga wayarsa. Kamfanin inshora ba ya karɓar takarda ya biya miliyoyi haka kawai, suna da mutanen da aikinsu kenan su je asibitin da aka rubuta su duba ko akwai likita mai wannan sunan, ko akwai lambar fayil ɗin, ko an rubuta mamacin a rajistar ranar. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da suka gano ba kuɗin haɗarin kaɗai zai tafi ba, har wanda yake haƙƙinki ne tsaf sai ya shiga cikin tuhuma, kuma takardar bogi laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa, sunanki ne a jikin fom ɗin ba nasa ba, shi ya ci dubu 40 ya kashe waya. Balle ma kina tambayata halal da haram, toh wannan dai ba sai an je wurin malam ba.

Yanzu ki nutsu ki ji, domin ina ganin an tsorata ki fiye da yadda abin yake. An haɗa miki abu biyu a faranti ɗaya alhali kowanne da hukuncinsa. Inshorar rai ta ma'aikata doka ce ta tilasta ta, dokar gyaran fansho ta 2014 ta ce duk mai ɗaukar ma'aikata da dokar ta shafa dole ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Misali in abin da ake lissafa masa dubu 150 ne a wata, a shekara miliyan 1 da dubu 800 kenan, ninki uku ya zama miliyan 5 da dubu 400. Ita wannan inshorar abin da take jira shi ne mutuwa, ko ta haɗari ce ko ta ciwo ce ko a kan gadonsa ya cika, galibi abin da za ki tabbatar shi ne cewa mutumin ya rasu, a rana kaza, kuma a lokacin yana ma'aikacinsu. Dokar ma ta ƙara da cewa in kamfani ya yi sakaci bai yi inshorar ba ko bai biya kuɗinta ba, shi zai biya iyalan daga aljihunsa. Kinga kenan wannan kuɗin ba a kan wuƙar likita ya rataya ba.

Ta haɗarin ce mai wuya, kuma bazan ɓoye miki ba. Ita sai in haɗari ne ya yi sanadi take biya, kuma a ƙa'idar shari'ar inshora wanda ya zo neman kuɗin shi zai nuna cewa haɗarin ne. Toh ga mutum mai hawan jini, ya kwana yana aiki, an tsince shi a gefen titi, dole kamfani ya tambaya, buge shi aka yi ya mutu, ko kuwa jinin ne ya buge shi tukuna sannan ya faɗi. Ba mugunta ba ce tsagwaronta wannan tambayar, duk da dai su ma ba sa ƙin su samu ƙofar zillewa. Binciken gawa da an yi shi a ranar da ya raba gardama, ba a yi ba, amma ba shi kaɗai ne hujja a duniya ba, zan zo kan wannan.

Ita jerin takardun da aka karanto miki a waya, yawanci jeri ɗaya ne da suke miƙa wa kowa. Ki nemi a rubuto miki a takarda, kowace inshora da abin da take buƙata daban, kuma a ba ki kwafin yarjejeniyar ko aƙalla shafin da ya yi maganar binciken gawa. Tambayar da za a yi musu guda ɗaya ce, a nuna mana layin da ya ce in babu binciken gawa babu biya. Sau da yawa abin da ke rubuce shi ne a kawo sakamakon in an yi, ko kuma kamfani yana da damar nema, wannan daban ne da a ce sharaɗi ne. Magana ta baki a waya kuwa ki daina dogaro da ita gaba ɗaya, yau wannan ya ce kaza gobe wancan ya ce ba haka ba.

Maganar tono shi kuma, ki cire ta a ranki ki samu barci. Ma'aikacin ofis ba shi da ikon ya sa a tono kabari, kamfanin inshora ma ba shi da shi, wannan hurumin kotu ne da hukuma, kuma ba abu ne da ake yi don an ga dama ba. Ko da an yi ma me za a samu bayan kwana 52 a ƙasarmu mai zafin nan, mutum a likkafani ba akwati ba magani? Ki tuna mawaƙin nan na Legas Mohbad da ya rasu a watan Satumban 2023, washegari aka binne shi, ko kwana goma ba a yi ba aka tono shi saboda surutun jama'a, amma daga baya abin da aka shaida wa kotun binciken shi ne ba a iya tantance abin da ya kashe shi ba saboda gawar ta riga ta lalace. In wancan bai yi ba ina ga naki. Wanda ya faɗa miki wannan maganar ko dai bai san aikinsa ba ko kuma so yake ki gaji ki haƙura.

Toh mu dawo kan Baba da Yaya, don nasan nan ne ciwon yake. Kin ce sun cuci yaranki. Ni a ganina ba su yi da niyyar cuta ba, kuma ina so ki ɗan tsaya a inda Baba ya tsaya a ranar. Tsoho an kira shi da sassafe, ya zo ya tarar da ɗansa a miƙe an lulluɓe shi da zani a barandar asibiti, sai wani yaro sa'an jikansa da farar riga ya ce a kai shi firji a yanka. A kansa babu wata inshora a lokacin, ƙila ma bai san da ita ba, abin da ya sani shi ne hadisin da muka taso da shi cewa a gaggauta jana'iza, wanda yake cikin Bukhari da Muslim, da kuma hadisin Nana A'isha da Abu Dawud ya ruwaito cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Duk wanda ya girma a cikinmu abin da zai fara zuwa bakinsa kenan. Kuma ki faɗa wa kanki gaskiya, da a ce sun shigo ɗakin nan sun tambaye ki a wannan sa'ar, anya da kin ce a kai shi mutuware? Ni dai ban jin da na iya.

Amma kuma ba zan ce sun yi daidai ɗari bisa ɗari ba, saboda addinin bai rufe ƙofar yadda mutanenmu suke zato ba. Majalisar manyan malaman Saudiyya tun 1976 ta yi fatawa cewa ya halatta a yi binciken gawa don gano gaskiya a shari'ar kisa ko don gano cutar annoba, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, ita ma ta zauna a Makka a 1987 ta tafi a kan haka, da sharaɗin a tsaya iya buƙata, kar a wulaƙanta gawar, kuma a binne komai bayan an gama. Mutumin da ake zargin wani ya buge shi ya gudu ai ya shiga wannan babin, don akwai jini a wuyan wani. Kuma ba sai mun je Saudiyya ba, a cikin Muhtasar na Shehu Halil da malaman zaurenmu suke karantarwa akwai mas'alar wanda ya haɗiye dukiya mai yawa ya mutu, aka ce a tsaga cikinsa a ciro. Wato malaman Malikiyya tun da can sun auna alfarmar mamaci da haƙƙin masu rai, ba su ce ɗaya ya shafe ɗaya ba. Ba na kawo miki wannan don ki je ki yi wa surukinki wa'azi ba, kar ki soma, na kawo ne don ki san damuwarki ba rashin tawakkali ba ce, neman haƙƙin marayu ba son duniya ba ne.

Abin da ya ba ni haushi a labarinki ba binnewar ba ce, shirun da ya biyo baya ne. Wanda ya tsaya tsayin daka ya kare gawar ɗan'uwansa daga wuƙa ya kamata ya tsaya haka ya kare 'ya'yansa daga mai gidan haya. Amma fushi ba zai kawo miki takarda ko ɗaya ba, kuma gaskiyar magana kina buƙatar Yaya, shi ya je asibitin, shi ya ga likitan, shi ya san su waye suka ɗauko gawar daga titi da waɗanda suka yi mata wanka. Ki samu babba a naku dangin, kawu ko baffa ko wanki, namiji mai sanyin baki, ya je ya same shi ba da sigar tuhuma ba, ya ce masa ga abin da ake nema don yaran ƙaninka, kai ne ubansu yanzu, muna so ka shige gaba. Mutanenmu in ka ɗora musu girma sukan ɗauka, in ka ɗora musu laifi kuwa sai su bi ta bayan gida.

Ga abin da za a tattaro, kuma a fara cikin satin nan don shaida tana tsufa. A koma asibitin, sashen gaggawa suna da babban littafin da suke rubuta duk wanda aka kawo, har wanda aka kawo ya riga ya cika, da rana da lokaci. A nemi likitan da ya gan shi ko shugaban sashen ya rubuta wasiƙa a takardar asibitin cewa an kawo wane rana kaza ƙarfe kaza, an tabbatar ya rasu, ga kuma raunukan da aka gani a jikinsa daga waje. Ba dalilin mutuwa ake roƙonsa ya ƙirƙiro ba, abin da idonsa ya gani kawai, kuma likita mai gaskiya zai iya wannan ba tare da ya saɓa aikinsa ba. Daga nan sai hukumar ƙidaya ta ƙasa, su ne suke da alhakin rajistar haihuwa da mutuwa, suna da ofisoshi a ƙananan hukumomi, su za su ba da takardar shaidar mutuwa, kuma suna bayarwa ko ga wanda ya rasu a gida, sai dai su nemi takardar rantsuwa daga kotu da shaidar wani da ya sani. A haɗa da wasiƙar limamin da ya sallace shi da ta mai unguwa da ta masu kula da maƙabarta in suna da rajista. Da waɗannan ya kamata a ce inshorar rai ta motsa.

Don ta haɗarin kuma sai an yi aikin ƙafa. A je ofishin 'yan sandan yankin, ɓangaren masu kula da haɗarin mota, a shigar da rahoto ko da an makara, a leƙa wurin 'yan kiyaye haɗurra ko sun je wurin a ranar. A koma daidai inda abin ya faru da irin wannan lokacin na safe, mai shayi, mai faci, mai sayar da ƙosai, 'yan adaidaitan da suke lodi a wurin, a cikinsu ba a rasa wanda ya ga komai da idonsa, a nemi biyu su yi rantsuwa a rubuce. Sannan mashin ɗin, dan Allah in ba a gyara shi ba kar a taɓa, kar a sayar, a ɗauki hotonsa ta ko'ina, in an buge shi ta baya za ki ga inda ƙarfe ya lotsa, wani lokaci har fentin ɗaya abin hawan yakan kwanta a jiki, rawaya a kan baƙi ba ya ɓuya. Kayan da ya sa a ranar in suna nan a ajiye. Waɗanda suka yi masa wanka su ma shaidu ne, sun ga inda ya fashe da inda ya karye fiye da kowa, nasan mutane ba sa son faɗin abin da suka gani a wurin wankan gawa, amma wannan ba tona asiri ba ne, shaida ce don haƙƙin maraya.

Hawan jinin kuma kar ki ɓoye shi. In an tambaya ki ce eh yana da shi yana shan magani, ki ba da katin asibitinsa ma, in awonsa na ƙarshe ya nuna jinin ya daidaita ai ya zama hujja a gare ki. Mutum yana da hawan jini ba ya nufin shi ya kayar da shi, rabin masu mashin ɗin da ke kan titi wa ya san awonsu. Ko a Kano a 2020 lokacin korona da aka yi ta mace-macen nan ana binnewa ba bincike, da gwamnatin tarayya ta tashi gano dalili ai gida-gida aka bi ana tambayar iyalai yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare, da wannan aka fitar da rahoto. Ba wai kamfanin inshora dole ya karɓi irin wannan ba, amma ya nuna miki in gawa ta tafi ba shikenan gaskiya ta tafi ba.

Akwai kuma ƙofa ta uku da ban ji kin ambata ba, ƙila ba a faɗa miki ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar asusun inshorar ma'aikata ta NSITF take gudanarwa, ta shafi haɗarin da ya samu ma'aikaci a hanyarsa tsakanin wurin aiki da gida, kuma naki daga aiki ya taso. Ki sa a tambayi kamfanin ko suna biyan kasonsu a can kuma ko sun kai rahoton rasuwar, ita wannan tana da wa'adi, a cikin shekara ɗaya ake so a shigar da nema, saboda haka kar a bari sai kin fita takaba an huta sannan a tuna. Sai kuɗin fanshonsa da ke asusun ajiya, shi kuma ba ruwansa da dalilin mutuwa sam, takardar kotu ta magada yake buƙata.

In an kai komai suka yi shiru ko suka ce ba za su biya ba, a ce su rubuto dalili a takarda. Da wannan takardar ake kai ƙara hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora, suna da sashen karɓar koke, in kuma wurin aikin ne suke jan ƙafa a kan inshorar rai sai a kai hukumar fansho ta PenCom. Ki nemi lauya ya duba yarjejeniyar tun kafin a kai nan, in babu halin biya akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA da hukumar ba da agajin lauyoyi ta gwamnati, suna da ofisoshi a jihohi. Kuma kar ki sa hannu a kan wata takardar sallama sai wani mai ilimin abin ya karanta miki, don wani lokaci a biya ka ɗaya a sa ka sa hannun yafe ɗayan ba ka sani ba. A kan ta haɗarin dai ki shirya zuciyarki, za a iya samu duka, za a iya yin sulhu a ba da wani abu, za a iya rasawa.

Halal ko haram kuwa, ni ba malama ba ce amma ga abin da na sani. Gaskiya ne manyan majalisun fiƙihu sun haramta inshorar kasuwanci saboda garari, wato rashin tabbas a cikin ciniki, da kuma riba, suka halatta ta taimakekeniya wato takaful, shi ya sa ma yanzu muke da kamfanonin takaful masu lasisi a Najeriya, saboda haka Baba ba daga iska ya ɗauko maganarsa ba. Sai dai mijinki ba shi ya je ya sayi wannan ba, doka ce ta ɗora wa masu kamfanin, su suka biya, kuma akwai malamai da yawa da suke kallon irin wannan a matsayin haƙƙin ma'aikaci a kan wanda ya yi wa aiki, kamar garatuti. Ki kai wa malamin da ya san fiƙihun mu'amala, ki faɗa masa dalla-dalla wa ya biya kuma tilas ne ko zaɓi, in da hali a samu malamin da shi Baban yake jin maganarsa, a je tare da Yaya. A tambaye shi har da yadda za a raba, don doka sunan da mamacin ya rubuta a fom take bi, shari'a kuma tana da nata lissafin, in aka bi hanyar gado ke tumuni gare ki, Baba sudusi, mahaifiyarsa in tana raye sudusi, sauran na yara, Yaya ba shi da komai tunda akwai ɗa namiji ga kuma uba. In Baba ya ga zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin ba yana da ikon ya bar nasa kason, wannan tsantseninsa ne kuma a girmama shi, amma ba shi da ikon yafe na marayu. In akwai bashi a kan mamacin kuma shi za a fara biya kafin kowa ya taɓa.

Wannan rigimar fa ba mu kaɗai ba ce. A Amurka jihohi irin su New York da California suna da dokar da ta ba da damar ƙin binciken gawa saboda addini, Yahudawa ma suna ƙi kamar mu, amma dokar gawar take karewa, ba ta ɗauke wa iyali nauyin kawo hujja a gaban kamfanin inshora ba. A Ingila kuma Musulmi da Yahudawa sun yi ta fafutuka har aka fara yarda a wasu lokuta a saka gawa a na'urar hoto ta sikanin maimakon a yanka. Ina ma a ce manyan asibitocinmu da malamanmu za su zauna a kan irin wannan, da an rage wa mata irinki wahala.

Takabarki ba ta hana ki fita da rana don larura ba matuƙar a gidanki za ki kwana, amma ba sai kin yi ta zarya ba, ki wakilta mutum ɗaya amintacce daga danginki ya riƙa tafiya tare da Yaya, ke kuma ki riƙe asalin takardu a hannunki, fotokwafi kawai za a riƙa fita da shi, duk inda aka kai a sa su buga hatimin sun karɓa a kan naku kwafin. Ki sayi ɗan littafi ki riƙa rubuta wa ya kira, yaushe, me ya ce. Mai gidan haya kuma kar a jira ranar ta zo, a tura masa babba tun yanzu a nemi alfarmar wata uku, kuma a tambayi wurin aikin albashinsa na watan ƙarshe da kuɗin hutunsa da duk wani tallafin jana'iza da suke bayarwa, waɗannan ba sa jiran inshora. In kin samu shafin yarjejeniyar ki ɗauki hotonsa ki rufe suna da lamba ki turo min mu karanta tare. Ki gaida yaran, ki shafa min kan autar.